Hawainiyar Teku

Duk yaron da ya taɓa bin mahaifinsa gona a Ƙaraye ko Rogo ya san hawainiya. Ya ga yadda take takawa a hankali bisa reshe, tana sauya launi. To, yara, a cikin teku ma akwai wata 'yar halitta mai irin wannan baiwa. Turawa suna kiranta katilfish, amma mu bari mu ce mata hawainiyar teku.

Ba za ku same ta a madatsar ruwa ta Challawa ba, domin sai a ruwan gishiri take rayuwa. Mazauninta shi ne tekun da ke tsakanin arewacin Ostireliya da tsibiran Indonesiya da na Filifin. A shekarar 1874 wani jirgin bincike na Ingila mai suna Challenger ya kamo ɗaya a Tekun Arafura, masana suka yi mata suna a 1885.

Ko da yake a ruwa take, ba kifi ba ce, dangin dodon koɗi ce. Tsawon jikinta bai wuce inci 3 ba. Tana da hannuwa 8, da wasu dogaye 2 waɗanda take cafko ƙananan kifi da jatan lande da su. Zuciyarta 3, jininta kuwa shuɗi ne. Ba ta cika yin iyo ba, sai ta riƙa takawa a ƙarƙashin teku. Macen takan ɓoye ƙwayayenta cikin kogon dutse, ko a ƙarƙashin ɓawon kwakwa da ya nutse.

Yaya ƙaramar aba mai taushin jiki haka take tsira a tsakiyar manyan kifaye? Launi shi ne garkuwarta. A fatarta akwai 'yan jakunkuna birjik, cike da rini. In ta buɗe su launi ya bayyana, in ta tsuke su ya ɓace. Galibi takan zama ruwan ƙasa, ta saje da laka, maƙiyi ya zo ya wuce bai gan ta ba. Amma in aka matsa mata, kafin ƙiftawar ido sai ta rikiɗa ta yi ja da rawaya da fari, ratsi-ratsi suna gudana a bayanta. In wannan bai isa ba, sai ta feso baƙar tawada ta sulale. Namijin ma da wannan ado yake neman mace.

Hawainiyarmu ta gida ita ma haka take. Launinta yana ɓoye ta, yana kuma nuna fushinta ko tsoronta. In kun gamu da ita kada ku jefe ta, gama fara da ƙwarin da ke ɓata amfanin gona take ci.

Tambayoyi
1. Ina mazaunin hawainiyar teku?
2. Ta yaya take sauya launi?
3. Don me bai kamata a kashe hawainiya ba?