Amsar Tambaya: Shugaban da Yake Jin Nauyin Magana

Wani ɗalibi ya rubuto mana cewa an zaɓe shi shugaban ƙungiyar muhawara ta makarantarsu, amma da zarar ya miƙe a gaban jama'a sai bakinsa ya bushe, gwiwoyinsa su kama rawa, har yana tunanin yin murabus.

Ɗana, kada ka yi murabus. Nauyin baki ba aibi ba ne, domin kuwa Annabi Musa, Alaihissalam, da aka umarce shi da zuwa wurin Fir'auna, sai da ya roƙi Ubangiji Ya warware masa harshensa, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Ita kuwa fasaha, ko da yake baiwa ce, ba ta nuna sai da yawan gwaji. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ma, wanda zaƙin muryarsa ya shahara har ƙasashen waje, ya sha musayar hujja da su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a majalisar tattaunawa ta Bauchi a shekarun 1940, tun yana malamin makaranta.

Saboda haka kada ka haddace jawabi duka, domin wanda ya yi haka, idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa, sauran sai su bi ta. Ka haddace muƙaddima kawai, ka rubuta kanun maganarka a 'yar takarda, ka gwada a gaban ƙannenka a zaure, sa'an nan ranar taro ka zaɓi fuskar amini guda ka riƙa dubanta. Galibin aikin shugaba ma raba magana ne da tsare lokaci, ba dogon bayani ba.

Ka sake rubuto mana bayan zamanku na gaba.