Ruwa da Iska a Kan Dutse

A ƙasar Kamaru, dab da bakin teku, akwai wani ƙaton dutse da ake kira Dutsen Kamaru. Tsawonsa ya wuce mita 4,000. A gindinsa ta wajen teku akwai ƙauyen Debundscha, inda ruwan sama na shekara guda yakan kai mita 10. Na Kano kuwa bai cika wuce mita 1 ba.

A shekarar 1895 wata Baturiyar Ingila, Mary Kingsley, ta hau wannan dutse cikin damina. Ita da masu ɗaukar kayanta sun sha wuyar ruwa da sanyi ƙwarai. Da ta kai ƙoli, hazo ya rufe ko'ina, ba ta ga komai ba.

To, yara, me ya sa ruwan kan dutse ya fi na gida haɗari? Da fari dai, duk hawan mita 1,000, zafin wuri yakan ragu da wajen digiri 6. Na biyu kuwa, iska ce. Ku dubi tulun da ke gidanku. Ruwa yana tsattsafowa ta jikinsa, iska tana busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi. Haka iska take yi wa mai jiƙaƙƙiyar riga, tana kwashe ɗumin jikinsa kaɗan-kaɗan. Zai fara makyarkyata, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe, barci ya kama shi. In ba a agaje shi ba, yana iya rasa ransa.

Saboda haka mai hankali ba ya hawa shi kaɗai, sai da jagora da abokan tafiya. Yakan sa rigar ulu, ya ɗora rigar ruwa a bisa. Yakan ƙulle bargo da busassun tufafi cikin leda, ba ya taɓa su sai ya shiga tanti. Tantin kuwa tun da sauran rana ake kafa shi, a inda dutse ya kare iska, a juya ƙofarsa ta ba iska baya. Ba a kafa shi cikin kwari ko bakin rafi, don kada ruwa ya malalo da dare.

In ɗan'uwanku ya soma makyarkyata, ku kai shi mafaka, ku tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, ku lulluɓe shi, ku ba shi shayi mai ɗumi da sukari. In hadari ya haɗu kuma, ku sauko, ko da kuna hangen ƙoli. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Tambayoyi
1. Yaya tulu yake sanyaya ruwa?
2. A ina ya kamata a kafa tanti?
3. Me za ku yi wa wanda sanyi ya kama?