Ci, Iko da Hali: Nazari Kan Fassara Kalmar "Capacity" Zuwa Hausa

Tsakure

Wannan muƙala ta duba kalmomin da Hausawa ke amfani da su a wuraren da Ingilishi ke amfani da "capacity". An nuna cewa babu kalmar Hausa guda da ta rufe dukkan ma'anoninta, kuma kuskuren da ya fi yawa a fassararta shi ne mayar da iyakar abin da zai yiwu tamkar abin da ya riga ya auku.

Gabatarwa

Asalin kalmar daga Latin ne, daga tushen da ke nufin kamawa ko riƙewa, shi ya sa ma'anarta ta farko ta shafi abin da mazubi zai iya riƙewa. Daga nan ta yaɗu zuwa ga abin da inji zai iya samarwa, da abin da mutum zai iya yi, da cancantarsa a gaban shari'a. Ƙamus mai harshe biyu kan jera wa ɗalibi kalmomi kamar ƙarfi, iko da iyawa, amma jeri kaɗai ba ya gaya masa wadda ta dace da jimlar da ke gabansa.

Mazubi: ci da ɗauka

Idan ana maganar mazubi, Hausa ba ta cika neman suna ba, aikatau take kawowa, wato ci. A kasuwa ana jin "buhu mai cin kwano 40", "jarka mai cin lita 25", "tanka mai cin lita 33,000". Wanda ya ce "ƙarfin jarkar lita 25 ne" ya kauce, domin ƙarfin jarka a kunnen Bahaushe shi ne ƙwarinta, wato ba ta fashewa da wuri. Masana sun daɗe da lura da faɗin ma'anar ci da sha: Claude Gouffé ya yi rubutu a kansu a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma a 2009. Bambancin aikatau biyun ya fito sarari a mota guda: "tankinta yana cin lita 60" awo ne na mazubi, "tana shan mai" kuwa ƙorafi ne kan yawan man da take ƙonawa.

Akwai kuma sharaɗi na nahawu. Ma'anar awo ta fi tsayawa a lokaci mai ci (sunan lokacin ma da wannan aikatau aka gina shi) ko bayan "mai". "Motar tana cin mutum 18" bayani ne kan kujeru. Da an juya jimlar zuwa shuɗaɗɗen lokaci, aka ce "motar ta ci mutum 18", mai sauraro zai iya fara salati, don ya ɗauka hatsari ake ba shi labari. Wataƙila saboda haka ne 'yan jarida suka fi son ɗauka idan mutane ake ƙirgawa, kamar a ce filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja yana ɗaukar mutum wajen 60,000.

Inji da masana'anta

A nan ne kuskure ya fi tsada. An gina tashar lantarki ta Kainji don ta iya ba da megawat 760, ta Shiroro kuma 600. Waɗannan alƙaluma iyaka ce ta sama, wadda ake kaiwa idan dukkan injina na aiki kuma ruwa ya wadata. Mai fassarar da ya rubuta "Kainji tana samar da megawat 760" ya faɗi abin da ba a rubuta a asalin labarin ba, kuma ya bar mai karatu da tambayar inda wutar take tafiya. Haka matatar man Ɗangote da ke Legas, wadda aka tsara don tace gangar ɗanyen mai 650,000 a rana: adadin na tsari ne, abin da aka tace a wata rana kuwa labari ne dabam. Hausa tana da abin da za ta kiyaye wannan bambanci da shi, wato "za ta iya", "an gina ta don", "iyakar abin da". Kalma biyu ko uku ce ke ƙaruwa, kuma su ake yawan yarwa don a taƙaita kanun labari.

Mutum: iyawa, ƙarfi, hali, iko

Iyawa ta shafi gwaninta da aka koya. Ƙarfi ya tashi daga na jiki ya kai ga na aljihu, shi ya sa ake cewa "masu ƙaramin ƙarfi" da "abin ya fi ƙarfina". Hali ya fi karkata ga wadata da sukuni: "mai hali" mawadaci ne, "ba ni da halin zuwa" kuwa uzuri ne mai ladabi da bai fayyace ko kuɗi ne ko lokaci ba. Tela zai iya kasancewa da iyawa, ya rasa halin sayen keken ɗinki.

Iko ya fi su zurfi, domin fuska biyu gare shi. Ta farko ita ce hurumi, kamar ikon alƙali ko na uba. Ta biyu ita ce wadda malamai suka zaɓa wajen fassara kalmar Larabci istiɗa'a, inda ake cewa aikin Hajji wajibi ne ga wanda ya sami iko. A wannan wuri kalmar ta tattara lafiyar jiki da abin tafiya da amincin hanya, kuma babu wata a cikin 'yan'uwanta da za ta ɗauki wannan nauyi ita kaɗai. Sai dai fuska biyun kan haifar da ruɗani a takardun shari'a. In aka ce yaro "ba shi da ikon sayar da gona", ba a san ko gonar ce ba tasa ba, ko kuwa tasa ce amma shekarunsa ba su kai ba. Fiƙihu ya raba su: mallaka dabam, ahliyya dabam, ita kuma tana rataye da balaga da hankali da rushdi, wato iya tattalin dukiya. Cancanta ta fi kusa da wannan ma'ana, ko kuma a fito fili a ce "bai kai munzalin ƙulla ciniki ba".

Ma'anar muƙami ba ta da wuya: "a matsayinsa na shugaba" ta wadatar. Mai wuya ita ce jimlar nan ta ƙungiyoyin raya ƙasa da ake fassarawa da "gina ƙarfi". Bahaushe yana gina ɗaki, yana gina rijiya, amma ƙarfi ƙara shi ake yi. Yawanci abin da ake nufi horaswa ce ko ƙara ƙwarewa. In kuwa shirin ya haɗa da ba da kayan aiki, sai a faɗi hakan, domin manomin da aka gayyata "taron gina ƙarfi" yana da haƙƙin sanin ko da taki zai koma gida ko da takardar shaida.