Darasin Kiwon Lafiya: Mai Ciwon Sukari A Lokacin Annoba

Darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon sukari ne, da halin da masu shi suka shiga lokacin annobar korona ta shekarar 2020.

Shi dai wannan ciwo, asalinsa wani sinadari ne da Allah Ya halitta a jikin mutum, ana ce masa insulin. Aikinsa shi ne ya kwashe sukarin da ke cikin jini ya shigar da shi tsoka, mutum ya samu ƙarfi. Idan ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Daga nan sai yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, da gyambon da ba ya warkewa da wuri.

To, ina ruwan annoba da wannan? Zazzaɓi yakan ta da sukari, sukarin da ya hau kuma yana raunana garkuwar jiki. Shi ya sa korona ta fi tsananta ga masu shi. A watan Afrilu na 2020 da aka yi ta mace-macen dattawa a Kano, gwamnatin jihar ta ambaci ciwon sukari da hawan jini cikin dalilai. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mai yiwuwa rabi ko fiye na mamatan akwai hannun korona.

Amma ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba ita ce ta rufe hanya. Mu nan ƙasar Funtua da Malumfashi, mai ciwon da ya yi tsanani sau da yawa Asibitin Koyarwa na Shika ake kai shi, Shika kuwa Jihar Kaduna take. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ganin likita ya zama aiki. Manomi a Danja ko Kafur da bai sayar da masararsa ba, da me zai sayi magani? Wasu kuma tsoro ne ya hana su zuwa asibiti, wai kada a ce suna da korona a killace su. Sai ƙwaya ta ƙare a yi shiru, a koma jiƙe-jiƙe. Ni a ganina wannan shirun ya fi kullen illa. Ga shi kuma azumin shekarar ya kama a tsakiyar kullen, alhali Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama, ko ya ciyar idan ciwon ba mai rabuwa ba ne.

Kai ɗalibi, a nan aikinka yake, tunda ka iya karatu, ko boko ko ajami. Samu littafi ka rubuta sunan maganin Baba ko Inna da ranar da zai ƙare, a sayo wani saura mako biyu. Idan allurar insulin suke yi, ba ta son zafi. Gidan da babu firji a ɗaure kwalbar a leda a ajiye a sanyin randa. Ranar da zazzaɓi ya kama su kada a tsai da allurar ba da izinin likita ba, a yawaita ba su ruwa. In ka ga rawar jiki da gumi da jiri, sukarin ne ya faɗi: ba su ruwan sukari ko dabino nan take. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, asibiti za a nufa. Kullum da dare a duba tafin ƙafarsu, musamman mai zuwa gona, don ƙaya kan shiga bai ji ba.

Tambaya ta wannan fitowa: wane sahabi ne ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba? A kawo amsa ga malamin aji.