Sayen gida: ko mai saye yana bukatar dillalin kansa?

A ƙungiyoyin adashi da na tanadi da muke aiki tare da su, wannan tambaya takan taso da zarar kuɗin wani ya taru. Iyali sun yi shekaru suna tarawa, ko kuwa ma'aikaci ya karɓi kuɗin sallama, yanzu suna so su fita daga gidan haya. Dillali ya riga ya nuna musu gida. Shin su ci gaba da shi, ko su nemi wani wanda zai tsaya musu su kaɗai?

Bari mu fara da tambayar wa dillali yake yi wa aiki. Yawanci mai gida ne ya ba shi cigiyar mai saye. La'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, kuma a wurare da dama kashi 5 cikin 100 ne na kuɗin gidan. Wasu suna karɓa daga mai saye da mai sayarwa duka. A ce gidan naira miliyan 10 ne, la'ada ta zama naira 500,000. Idan kuka yi tayi aka sallama a miliyan 8, ta koma 400,000. Kun ga ke nan ragin da kuke nema asara ce a gare shi. Wannan ba ya nufin shi mugun mutum ne. Akwai dillalai masu amana da yawa. Amma bai kamata ku sa rai cewa shi ne zai fara gaya muku katangar baya ta tsage ba. Wani lokaci ma dillalai uku ko huɗu ne a jere tsakaninku da mai gida, kowa ya ɗora nasa a kan farashi.

To, me dillalin kanku zai yi muku? Idan ɗan unguwar ne, ya san nawa aka sayar da gidajen kusa a kwanan nan, don haka ba za a yi muku farashin baƙo ba. Ya san layin da ruwa yake kwanciya a watan Agusta, da inda rijiya take ƙafewa da rani. Ya san gidan da magada suke rigima a kansa. Zai iya kai ku wurin mai gida ido da ido, wanda shi kaɗai yakan rage kuɗi mai yawa. Iyalan da suka ƙaura zuwa sabon gari, da matan da mazajensu suka rasu, su ne muka ga wannan taimako ya fi yi wa amfani, domin su aka fi matsa wa a wurin ciniki.

Amma akwai tarko a nan. Idan shi ma za ku biya shi kaso daga kuɗin gidan, kun koma gidan jiya: shi ma burinsa a yi cinikin, ko gidan yana da kyau ko ba shi da shi. Shawararmu ita ce ku yanka masa lada tsayayye tun farko, a rubuce, a gaban shaidu biyu. Ku amince cewa zai sami wani abu daga ciki ko da ya ce muku kada ku saya. Ku kuma tambaye shi kai tsaye ko zai raba la'ada da dillalin mai gida. Ba mu kaɗai muke fama da wannan ba. A Amurka, bayan ƙararrakin da aka kai ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar a kan yadda ake raba la'ada, ta amince a shekarar 2024 ta biya dala miliyan 418, kuma daga watan Agusta na shekarar mambobinta sai sun rubuta yarjejeniya da mai saye, wadda ta faɗi ladansu, kafin su zagaya da shi gidaje.

Akwai kuma aikin da dillali ba zai iya yi ba, kome amanarsa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe amana domin jama'a. Abin da mutum yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani, yawanci na shekara 99, kuma idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, sayar da shi yana bukatar amincewar gwamna. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan ba. Dole a je ofishin filaye a bincika: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, PLAGIS a Jos. A can ne za a gane ko sunan da ke takardar na mai sayarwa ne, ko an jinginar da gidan a banki, ko filin yana kan hanyar da gwamnati ta tsara. Wannan aikin lauya ne, sai kuma safiyo ya auna iyakoki. Idan gidan gado ne, kada ku yarda da sa hannun babban ɗa shi kaɗai. Ku nemi shaidar cewa dukan magada, har da mata, sun yarda.

Saboda haka idan kuɗinku ba zai isa dillali da lauya duka ba, mu dai muna cewa ku biya lauya. Wanda zai sayi gidan maƙwabcinsa a unguwar da ya yi shekara 20 a ciki ba ya bukatar wanda zai nuna masa hanya, amma yana bukatar binciken takardu.

Batun kafin alƙalami kuwa, a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Za a ce muku akwai wani mai saye da zai kawo kuɗi gobe. Ku bar shi ya kawo. Kada ku ba da ko kwabo sai an gama bincike, kuma ku biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ba, ko da naku ne.