Man Kaɗanya da Fatarmu a Lokacin Hunturu

Hunturu ya shigo, kuma duk wanda ya duba ƙafafunmu a filin asambili ya san haka. Wasu sun yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka, wasu kuma faso ya tsaga musu diddige har suna ɗingishi. Masu tsokana dariya suke yi, amma faso idan ya yi zurfi yana fitar da jini, ƙura ta shiga ya zama ciwo, har ya hana ɗalibi zuwa makaranta.

Iskar hunturu daga hamadar Sahara take busowa, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma babu laima a cikinta. Yadda take shanye ruwan rigar da aka shanya, haka take shanye ruwan da ke fatarmu. Wanka da ruwa mai zafi sosai ko da sabulun wanki yana ƙara ɓata lamarin, domin yana wanke maiƙon da jiki ke fitarwa don kare kansa.

Ga abin da muke so kowa ya riƙe: mai ba ya ba fata ruwa, tsare ruwan da ke cikinta yake yi. Ku gwada da kanku. Ku zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, ku zuba man gyaɗa cokali biyu a kan ɗaya, ku ajiye su a taga. Bayan kwana huɗu ko biyar, ku duba wanne ya fi raguwa. Saboda haka lokacin shafa mai shi ne da mun fito daga wanka, jiki da sauran danshi. Idan muka jira sai mun bushe ƙarau, mun rufe ƙofa ne da ɓarawo ya riga ya tafi.

Man kaɗanya ya dace da wannan aiki, ga shi a kasuwarmu. Yana da tauri da sanyi, amma ɗumin jiki na narkar da shi, sai a murza ɗan kaɗan a tafin hannu. Mai faso ya jiƙa ƙafa da dare, ya goge kaushi da dutse a hankali, ya shafa man, ya sa safa ya kwanta.

'Yan mata, gashinmu a murɗe yake, shi ya sa maiƙon fatar kai ba ya saurin kaiwa ƙarshensa, sai ya riƙa karyewa. Bayan tsifa a yayyafa ruwa tukuna, a shafa man, sannan a fara tajewa daga ƙarshen gashi zuwa tushe. Kada a lafta, ƙura zai kwaso.

Mun san wasu na cewa warinsa ne ba sa so, wai man ƙauye ne. To, itacen kaɗanya yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Mata ne ke tsintar su da damina, musamman a Jihar Neja da Kwara, su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su yi ta bugawa da ruwa har man ya taso. Kamfanonin Turai suna sayensa su zuba a mayukan shafawa masu tsada, har da cakulan.

A ajiye shi a gwangwani mai murfi, nesa da rana. Fason da ya kumbura ko ya fara ruwa kuwa, wannan ya wuce mai, sai asibiti.