Darasi na 12: Likitan da Ya Rubuta Sunayen Itatuwanmu

Mu duka mun san hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi. Itace ne mai son wurin duwatsu, ɓawonsa yana saɓulewa kamar takarda. Iyayenmu sukan jiƙa sassaƙensa don magani. Masanan duniya kuwa suna kiransa Boswellia dalzielii. Kalmar nan ta biyu daga sunan wani mutum aka samo ta. Ga labarinsa.

Sunansa John Dalziel. Mutumin Sikotlan ne, wato ƙasar da ke arewa da Ingila, amma a Indiya aka haife shi, cikin 1872. Ya koyi aikin likita a birnin Edinburgh, ya yi aiki a ƙasar Sin. Cikin 1905 ya zo ƙasarmu.

Aikin likita aka ɗauke shi yi, ba na itatuwa ba. Amma in ya tashi daga aiki sai ya shiga daji. Ya tsinki ganye da fure, ya danne su tsakanin takardu har su bushe, ya rubuta sunansu da inda ya same su. Haka ya yi a ƙasashen Katagum, da Yola, da Sakkwato.

Cikin 1916 aka buga littafinsa na sunayen itatuwa da tsire-tsire da Hausa, kowane suna da takwaransa na harshen Latin. Da ya bar aiki sai ya koma Kew, babban lambun bincike na London. Can shi da John Hutchinson suka tsara littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma, daga 1927 zuwa 1936. Cikin 1937 ya fitar da wani, mai bayanin amfaninsu. Ya rasu cikin 1948.

To, jama'a, ina ya sami sunayen nan? Daga bakin Hausawa ya ji su, manoma da maharba da masu magani irin namu. Su ke da sani, shi ke da alƙalami. Yau sunansa yana nan, nasu kuwa ya ɓace.

Mu nan Mahuta muna da kaɗanya, da ɗorawa, da kuka, da gawo, da marke. Gatari yana cin su kullum saboda itacen wuta da gawayi. Tsofaffin da suka san amfaninsu kuma suna ta tafiya. In tsoho ya rasu ba a rubuta ba, saninsa ya bi shi kabari. Yanzu mun iya riƙe fensir, ba mu da sauran hanzari.

Tambayoyi
1. Mutumin wace ƙasa ne Dalziel?
2. Daga wa ya ji sunayen da ya rubuta?

Aiki
Kowa ya je wurin dattijo ɗaya a unguwarsu. Ya rubuto sunayen itatuwa 5 da amfaninsu. Ya sa sunan dattijon a ƙasa, kada ya manta.